Shafi na Arba'in da Ɗaya

Duk garinmu babu wanda bai san Casimir Dudek ba, in ma ba ka san fuskarsa ba to ka san ƙamshinsa, don mutumin kakin zuma yake tashi tun daga hula har takalmi, yana shigowa coci sai ka ce amya aka fasa. Caz ake ce masa. Shekararsa hamsin da takwas, gajere ne mai tumbi, da wani gashin baki da yake shafawa in zai yi magana kamar wani abin kirki ne zai fito. Shi ke da kamfanin kyandir ɗin da ke bayan layin dogo, wanda kakansa ya kafa da tukunya ɗaya bayan ya zo Ohio daga Poland, kyandir ɗin coci kawai suke yi, na bagadi da na baftisma da ƙananan nan da tsofaffi ke kunnawa gaban siffar Maryamu. Ma'aikata ashirin da uku, sha tara mata. 'Ya'yansa biyu, yakan ce haka Allah ya tsara masa, matarsa Geraldine kuwa duk lokacin da ya faɗi haka sai ta ɗaga kai tana kallon silin.

To abin da za ka fara sani game da Caz shi ne ba ya karatu. Ba wai bai iya ba, ya iya, sistocin coci da ke koyarwa a makarantarsu sun dake shi da rula har sai da ya iya, kawai dai gani yake karatu aikin ƙananan mutane ne. Tun a makaranta Loretta Pasko ce ke yi masa aikin gida yana ba ta rabin burodinsa, yanzu ga su sun manyanta ita ce mai zanen kyandir a kamfaninsa, kuma har yau ba ta daina yi masa kallon ɗan ajinsu da ke zuwa na ƙarshe ba. In aka kawo masa takarda ko tebur ba ya nema, duk wanda ke kusa sai ya ce juyo, ya ɗora takardar a bayan mutum ya zabga sa hannu, wata ƙatuwar D mai jela, ya wuce abinsa. Babu ma'aikacin da bayansa bai taɓa zama tebur ba. Loretta takan ce ranar da ta mutu in masu wanka suka juya ta za su tarar da D ta fi ɗari.

Mai kawo takardun kuwa yayarsa ce, sunanta Wanda. Ta girme shi da shekara shida, ba ta taɓa aure ba, kullum ƙarfe shida da rabi na safe tana coci ko dusar ƙanƙara ta kai gwiwa, daga can ta wuce ofis. Ita ta san komai na kamfanin, ita ke sayen kaki, ita ke amsa waya, ita ta san wane fada ne, wato limamin coci, ke son kyandir mai kauri, amma da ubansu zai cika, da kyandir a hannunsa yadda muke riƙa wa mai barin duniya, sai ya bar wa Caz kamfanin don shi ne namiji. Wanda ta koma kan teburinta ta ci gaba da aiki. Dama ba ta cika cewa komai ba, kuma akwai kalmomin da ko yanka ta za a yi ba za su fito daga bakinta ba, in mace ta samu ciki a kamfani sai dai ta ce wance tana cikin wani hali.

Shi kuma Caz abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai duk rayuwarsa, kyandir ɗin Ista na babban cocin birni inda Bishop yake. Ƙaton nan mai tsayin mutum da ake zana wa gicciye da shekarar da ake ciki, ya tsaya gefen bagadi kwana hamsin kowa na kallo. Shekara talatin da ɗaya uban Caz ya yi yana yin shi. Uban ya bar wani ɗan littafi mai baƙin bango da ya rubuta komai a ciki, kaurin lagwani, zafin kaki, komai da komai, Caz ko buɗewa bai yi ba, ya ce abin a jini yake. Shekarar farko da ya yi da kansa, 1993, sai ya sa siririn lagwani, wutar ta haƙa rami a tsakiya ta nutse cikin narkakken kaki ta mutu, ranar Lahadin Ista da safe, coci cike, Bishop na tsaye. Sau uku ana hawa tsani ana kunnawa. Tun daga ranar babban coci ya koma sayen nasa a wata jiha, shi kuma Caz duk shekara sai ya sa Wanda ta rubuta musu wasiƙa, ya sa hannu a bayan wani, a aika da samfur, su kuma su aiko da katin godiya mai layi biyu. Shekara goma sha tara ana haka. In ya sha kwalba biyu sai ya fara bayanin cewa maƙarƙashiya aka yi masa, da gangan aka tsayar da kyandir ɗin a bakin iska.

Sai ga ƙarshen watan Janairu na 2012. Ranar Lahadi fadanmu ya ajiye wa'azinsa ya ce yau wasiƙar Bishop zai karanta. Wasiƙar ta ce gwamnati ta fito da ƙa'ida cewa inshorar lafiya da ake yi wa ma'aikata dole ta haɗa da maganin hana haihuwa, kuma coci ya daɗe yana koyar da cewa wannan abu ba daidai ba ne, to ta yaya za a tilasta wa makarantunmu da asibitocinmu da mutanenmu su biya abin da imaninsu ya hana. Tsofaffi na girgiza kai, wasu da gaske abin ya taɓa su, Wanda ta damƙe carbinta gam. Matasa kuwa kowa ya sunkuyar da kai yana gyara wa yaro riga, don bencin da a da iyali ɗaya ke cikawa har a ɗora wasu a cinya, yanzu iyali uku ne a kai da wurin ajiye jaka, kuma ba wanda ya taɓa tambayar yadda aka yi.

Caz fa bai ji imani ba bai ji gwamnati ba, kalma ɗaya ya ji, Bishop. Bishop na neman mutane. Ko ƙa'idar ta hau kansa a lokacin, ko sai wata shekara, ko me take cewa takamaimai, bai tsaya tambayar kowa ba, a kan bencin nan ya riga ya hango kyandir ɗinsa tsaye gefen bagadi.

Kwana huɗu bayan nan, biyu ga Fabrairu, ranar da ake sa wa kyandir albarka, kowace tsohuwa ta zo da nata an ɗaure da ƙyalle, wanda za ta kunna in hadari ya taso da tsawa. Dama ranar Caz ce, kamar shi ya ƙirƙiro ta. Bayan an tashi aka sauka zauren ƙasan coci shan kofi, sai ya buga cokali a jikin kofi ya hau ɗan dandamalin da yara ke wasan Kirsimeti, ya shafa gashin baki.

"Shekara tamanin da ɗaya gidan Dudek na haska bagadin Allah," ya ce, "kuma ko ƙwaya ɗaya ta wannan abu ba a taɓa saya da sunan Dudek ba, ba kuma za a saya ba ina da rai. Su zo su kama ni."

Ya haɗa hannuwansa ya ɗaga sama kamar mai jiran ankwa. Tsofaffi suka tafa. Wani mai aika wa jaridar coci labari ya ɗauki hoto. Geraldine ta kalli silin. A teburin baya inda matan kamfani suke wata ta shaƙe da kofi sai da aka bubbuga mata baya, Wanda kuwa ta tashi ta shiga kicin ta kama wanke kofunan da aka riga aka wanke.

Bai tsaya nan ba. Mako bai zagayo ba ya bugo sitika masu ruwan zinariya guda dubu huɗu, an rubuta daga gidan da bai taɓa biyan maganin hana haihuwa ba, ya ce a manna a kowane kwali. Su wa za su manna? Matan nan dai. Matan da shekara da shekaru suke zuwa kemis ɗin gefen gidan waya su miƙa katin inshorar kamfanin Dudek a ba su ƙwayarsu su jefa a jaka. Kowa ya sani. Mai kemis ya sani, mai sharar kamfani ya sani, direban da ke kai kaya ya sani. Suna manna sitika suna cije leɓe, in ya zo wucewa su ce sannu da yaƙi maigida, shi kuma ya ɗaga musu hannu kamar wani babba a bayan mota. Ba wadda ta gaya masa, na farko kar ya je ya taɓa musu inshora, na biyu kuma rabon da su yi nishaɗi haka a wurin aiki tun ranar da wandonsa ya kama wuta.

Wanda ce kaɗai ba ta dariya. Abin ya samo asali ne shekara goma sha ɗaya baya da suka canza kamfanin inshora, ita da ke karanta komai har da ƙananan rubutun ƙasa ta kai shafi na arba'in da ɗaya ta ga abin ƙuru-ƙuru cikin jerin magungunan da ake biya. Ta kira su a waya ta yi ta kewaye-kewaye har matar da ke can ta gane, matar ta ce ƙaramin kamfani irin nasu tsarin a dunƙule yake zuwa, ko a ɗauka duka ko a bari duka. A bari duka kuwa, ga mijin Loretta da ciwon suga, ga ɗan wata da asma. Wannan hukunci na mai kamfani ne ba nata ba. Sai ta ja jan layi a ƙarƙashin wurin, ta lanƙwasa kusurwar shafin, ta kai masa ta ce Casimir ka duba shafi na arba'in da ɗaya. Ya ce na yarda da ke Yaya, Loretta juyo. Duk shekara in lokacin sabuntawa ya yi haka ake yi, ta ce shafi na arba'in da ɗaya, ya ce na yarda da ke, D mai jela. Ta faɗi abin da baki kuwa, gaban ƙaninta, namiji, ina, ai gara ƙasa ta tsage ta shige. Sai dai ta je ta raɗa wa fada ta bayan labule a ɗakin furta zunubi, ta kunna kyandir, ta dawo ta jira wata shekarar. Bayan rantsuwar zauren coci ta sake gwadawa sau biyu, ya ce mata yanzu lokacin yaƙi ne ba lokacin takardu ba.

Kuma abin haushi dabarar ta ci. Hotonsa ya fito a jaridar coci, hannu a sama tumbi a gaba. Ranar Talatar da muke cin ponchki kafin a shiga azumi, fanken nan namu mai jam a ciki, yana tsaye sukari duk a gashin baki aka ce ana kiransa a waya daga birni. Fada Okonski ne, tsohon da ke kula da kayan bagadin babban coci, mai sa hannu a katin godiyar nan mai layi biyu. Ya ce sun ga jarida, in Mista Dudek zai iya kawo kyandir kafin mako na huɗu na azumi za su duba. Za su duba kawai ya ce. Caz ya ajiye waya ya fita tsakar kamfani ya ce Bishop da kansa ya roƙe shi.

Aka hau aiki. Ya ce da hannunsa zai yi, ma'ana ya tsaya yana nuni da yatsa Loretta na yi. Ita ta zaɓi lagwani, don ita ta karanta littafin uban tun shekarar abin kunya, ta tsince shi ne an tokare ƙafar tebur da shi. Kwana tara ana zuba kaki ana bari ya huce ana ƙarawa, sannan ta zauna ta zana gicciye da ja da ruwan zinariya, da ɗan rago, da ƙananan ƙudan zuma zagaye da gindin, ta rubuta 2012. Gaskiya ya yi kyau. Ita kanta Loretta da ba ta yabon komai sai da ta ja baya ta kalle shi ta ce ba laifi.

Ana cikin haka sai ga lauya. Wata ƙungiyar lauyoyi ce ta ga jaridar ita ma, suna neman masu kamfani 'yan Katolika da za su kai gwamnati kotu, suka turo wani dogon saurayi wai shi Prentiss, haƙora fari tas kamar faranti, takalminsa bai san dusar ƙanƙara ba. Caz ya zagaya da shi ko'ina, ya nuna masa hoton kakansa da tukunyar, ya tambaye shi ko a babbar kotun ƙasa ana barin mutum ya shiga da kyandir. Lauya ya ce kafin nan dai yana so ya ga takardun inshora. Wanda ta ɗauko na shekara goma sha ɗaya ta jera masa a tebur, kowanne da kusurwa a lanƙwashe, kowanne da kansa yake buɗewa a wuri ɗaya.

Minti biyar bai yi ba ya tashi ya rufe ƙofar ofis. Ya tambayi Mista Dudek ko wannan sa hannunsa ne. Caz ya ce wa kuma ke da D irin wannan a duk Ohio. Wannan fa? Nasa ne. Wannan? Nasa. Sai lauya ya juyo da shafin ya karanta masa a fili, sannu a hankali, kalmar da Wanda ta kasa faɗa shekara goma sha ɗaya, har da sunayen ire-irenta. Wanda ta juya tana kallon bango. Lauyan bai yi masa rashin kunya ba, ya ce ana iya gyarawa, ga takardun da zai cike in yana so ya fita daga tsarin ya nemi wani, sai dai ƙungiyarsu za ta fara da waɗanda labarinsu ya fi sauƙin faɗa gaban alƙali. Ya ajiye wani tulin takardu ya gode da kofi. Caz don ruɗewa har kwalin kyandir ya ba shi kyauta, da sitika a jiki.

Motar lauya na fita Caz ya juya kan Wanda. Ya ce ta ci amanarsa, ta ci amanar ubansu, ta bar shi ya hau dandamali, me ya hana ta buɗe baki.

"Sau goma sha uku na ce maka shafi na arba'in da ɗaya, Casimir."

"Shafi ai ba magana ba ce."

"Na ja maka jan layi."

"Ni na ɗauka haka takardun suke zuwa."

Ya zauna yana shafa gashin baki, ita ta zaci kunya ce ta kama shi, ashe dabara yake nema. Ya ce lauya ba zai faɗa ba, aikinsu ya hana. Matan kamfani kuwa ba su san komai ba, haka ya ce fa. Saura mako biyar Ista, a yi shiru, kyandir ya hau bagadi, bayan nan a san abin yi. Wanda ta ce sitika fa, ya ce sitika ai takarda ce.

Nan ne Wanda ta ji abin ya fi ƙarfinta. Shekara goma sha ɗaya ta ɗauki abin a matsayin zunubinta ita kaɗai, wannan ta iya. Amma a ɗauki kyandir a kai gefen bagadi a kan ƙarya, a sa masa albarka, a tsoma shi cikin ruwan baftisma tana sane, wannan kam a'a. Kai ƙarar ƙaninta a bayan idonsa kuma ba halinta ba ne. Sai ta zauna ta buga wasiƙa da sunansa zuwa ga Fada Okonski, shafi ɗaya tak, babu kewaye-kewaye, har kalmar ta buga, wai da ido a rufe. Wasiƙar ta ce ni Casimir Dudek abin da na faɗa ranar biyu ga Fabrairu ba gaskiya ba ne, inshorar kamfanina tana biyan wannan magani tun 2001 da sa hannuna, ban sani ba don ba na karanta abin da nake sa wa hannu, da na sani kuma sai na so in ɓoye har bayan Ista.

Ranar da za a kai kyandir, an naɗe shi da bargo an kwantar a bayan a-kori-kura, Caz ya sa kwat ɗin bikin 'yarsa da ba ya rufuwa, sai Wanda ta tare shi a bakin ƙofa gaban kowa ta miƙa masa wasiƙar.

"Wasiƙar da za ka kai wa Fada ce. Ka karanta kafin ka sa hannu."

"Na yarda da ke, Yaya."

"Kar ka yarda da ni. Ka karanta, Kaziu, shafi ɗaya ne."

Rabon da ta kira shi Kaziu tun yana sa gajeren wando. Ya duba agogo ya ce Loretta juyo. Loretta ta juya.

Tafiyar awa ɗaya ce. Fada Okonski ya karɓe shi a ɗakin ajiye kayan bagadi, siririn tsoho mai ji da kunne ɗaya. Aka buɗe bargo, ya zagaya kyandir ɗin sau biyu, ya taɓa lagwanin da yatsa ya gyaɗa kai, ya ce rabon da ya ga ƙudan zuma irin waɗannan tun zamanin marigayi mahaifin Caz. Caz har idonsa ya kawo ruwa. Sai ya tuna da ambulan ya miƙa da hannu biyu, ya tsaya yana murmushi yana kallon tsohon na karantawa, yana jiran a zo kan tarihin kakansa da tukunya.

Fada ya karanta ya sake karantawa. Ya cire tabarau ya ce shekararsa arba'in da shida yana sauraron masu furta zunubi, ba kasafai yake ganin mai kamfani ya sa hannu a irin wannan ya kuma kawo da ƙafarsa ba. Caz ya ce ai haka gidan Dudek yake. Fada ya ce musamman layin ƙarshe, inda ya ce ya so ya ɓoye. Murmushin ya daskare a fuskar Caz kamar kakin da ya huce. Ya ce ko Fada zai ɗan ara masa ya duba wani abu. A tsaye ya karanta, leɓe na motsi, yatsa na bin layi, tun daga ni Casimir Dudek har D mai jela.

Fada ya ce zai karɓi kyandir ɗin, aikin ya cancanta. Amma shi ba a gabansa aka yi rantsuwar ba, a gaban mutanen da suka tafa aka yi, to su ke da haƙƙin jin wannan wasiƙa, daga bakin mai ita, a zauren da aka yi. In an yi haka fadan garinmu ya kira shi a waya kyandir ya hau. In ba a yi ba a turo mota ta ɗauka. Sitikun kuma a ɓamɓare.

Kwana uku Caz bai yi wa Wanda magana ba, in yana son abu sai ya faɗa wa bango. Ya yi tunanin ya ce sharri aka yi masa, to D ɗin ta waye, kuma gaban mutum ashirin aka ce masa ya karanta. Ya yi tunanin ya haƙura da kyandir ɗin, to an rubuta 2012 a jiki, baɗi ba shi da amfani, ga shi ya riga ya gaya wa har mai gidan mai cewa Bishop ya roƙe shi. Matan kamfani kuwa aka sa su ɓamɓarar sitika ba a ce musu dalili ba, su ma ba su tambaya ba, suna yi suna 'yar waƙa.

Juma'ar azumi ba ma cin nama, ƙarfe biyar na yamma duk garin na zauren ƙasan coci ana cin soyayyen kifi da dankali da kabeji, har waɗanda ba 'yan Katolika ba suna zuwa don kifin. Mutum ya fi ɗari biyu. Caz ya zaɓi lokacin da injin suya ya fi ƙara ya hau dandamali, bai buga cokali ba wannan karon, sai fadanmu ya buga masa, ya kuma aika a kashe injin. Ya buɗe takarda, ya kalle ta, ya kalli mutane, ya lalube aljihu ya ce ya manta tabarau a gida, sai dai wani makon.

Loretta ta miƙe daga teburin baya.

"Ga nawa, maigida. In kuma tebur kake so sai in juyo."

Zauren ya kece da dariya, tabarau sun fi goma a sama kowa na miƙa nasa. Ya kalli Wanda ko za ta karɓa ta karanta masa, ita kuwa tana zaune hannu a cinya tana kallon farantinta. Da tabaran Loretta ya karanta, masu ruwan hoda da 'yar sarƙa. Ya yi ƙoƙarin haɗiye kalmar cikin gashin baki, wani kurman tsoho a layin gaba ya ce me ya ce, sai da ya maimaita. Da ya kai ga ba na karanta abin da nake sa wa hannu, wani daga baya ya ce wannan ai ba labari ba ne. Da ya gama ba wanda ya tafa. Cikin tsofaffin da suka tafa masa a Fabrairu, su da abin ya dame su da gaske, ɗaya ta tashi ta ɗauki jakarta ta fita ta bar kifinta ko taɓawa ba ta yi ba. Aka kunna injin suya aka ci gaba.

Kyandir ya hau. Ranar Lahadin Ista da safe Caz ya tuƙa awa ɗaya da kwat ɗin da ba ya rufuwa, ya samu wuri a bayan wani ginshiƙi sai ya leƙa yake hango shi. Wutar na ci tsaf ko karkata ba ta yi ba, lagwanin Loretta. Ya jira a ambaci suna, ba a ambata ba, dama ba a taɓa ambaton mai kyandir ba ko a zamanin ubansa, shi ne dai bai taɓa lura ba. Da abin ya ishe shi ya taɓo wata tsohuwa da ke gefensa ya ce mata shi ya yi wancan. Ta kalle shi sama da ƙasa ta ce addu'a ake yi bawan Allah.

Yanzu ya ce shi ba ya sa hannu a komai sai ya karanta, yana faɗa wa kowa kamar shi ya gano karatu, har ya fara cewa wasiƙar ma shi ya faɗa Wanda ta buga. Tulin takardun da lauya ya bari na fita daga tsarin inshora suna kan teburinsa, shafi casa'in da shida, ya ce kar wanda ya gaggauta shi. Wanda kullum ta dawo daga coci sai ta buɗe masa inda ya tsaya ta ajiye masa a gaba da kofi, don ita har yanzu abin na ci mata rai, so take a yanke hukunci ta san matsayinta gaban Allah. Yakan yi layi uku ya ce bari ya je ya duba zafin kaki. Matan kamfani in sun bi ta ƙofar ofis sai su leƙa su je su gaya wa sauran. An shiga watan Yuli yana shafi na goma sha bakwai.